Hutun Kallon Namun Daji a Yankari: Matsayin Baƙon Gida da Maƙwabcin Daji Wajen Raya Gandun

Tsakure

Wannan takarda ta dubi hutun kallon namun daji, ta ɗauki gandun Yankari na Jihar Bauchi a matsayin abin nazari. Ta bi tarihin gandun tun daga 1956, ta bayyana abin da mai ziyara ke tararwa da dalilan da suka sa lokacin zuwansa ke hukunta abin da zai gani, sannan ta duba halin da giwaye da zakunan gandun suke ciki. Daga nan ta kwatanta Yankari da wasu wurare a Nijar da Cadi da Ruwanda da Uganda. Matsayar takardar ita ce, baƙon da zai riƙe Yankari shi ne ɗan gida, wato iyali da ɗalibi da ma'aikacin da ke zaune a garuruwan da ke kusa, kuma ziyararsa za ta amfani dabbobin ne kawai idan kuɗin da ya biya ya isa hannun mai gadin daji da manomin da giwa ke shiga wa gona. An rufe takardar da shawarwari ga hukuma da makarantu da masu ziyara.

1.0 Gabatarwa

Namun daji sun cika bakin Bahaushe. Idan zai gaida sarki sai ya ce Zaki, idan zai yabi babban mutum sai ya kira shi giwa ko toron giwa, kuma da wuya a yi daren tatsuniya ba a ambaci kura ko dila ko ɓauna ba. A fadoji da yawa akwai sarautar Sarkin Dawa da ta Sarkin Baka, shaidar cewa daji da abin da ke cikinsa sun taɓa zama ɓangare na tsarin mulki da tattalin arziki. To amma a yau yawancin yaran da ake yi wa waɗannan tatsuniyoyi ba su taɓa ganin ko sawun giwa ba. Wanda ya yi sa'a ya ga zaki a keji a gidan zu, sauran kuwa a waya suka san shi, shi ma zakin Kenya ko na Tanzaniya.

Abin da ya sa wannan ya dami marubucin takardar shi ne, dabbobin ba su ƙare a ƙasarmu ba tukuna. Akwai saura, kuma mafi sauƙin wurin da za a gan su ga mutumin Kano ko Zariya ko Gombe ko Jos shi ne Yankari. Tambayar da takardar ke son amsawa ita ce: ta wace hanya hutun 'yan kwanaki a wannan daji zai zama abin da ke raya dajin, maimakon ya tsaya a wanka da ɗaukar hoto? Domin amsa ta, an dogara ga tarihin gandun, da abin da masu kula da shi suka bayyana game da dabbobinsa, da kwatanci da ƙasashen da suka sha irin wannan gwagwarmaya.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Gandun

Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri, kudu maso gabashin birnin Bauchi, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara ranar 1 ga Disamba, 1962. Bayan ƙirƙiro jihohi sai ya koma hannun Jihar Arewa maso Gabas, daga bisani Jihar Bauchi ta gaje shi. A 1991 gwamnatin tarayya ta mai da shi gandun ƙasa, ya zauna a haka shekara goma sha biyar, sannan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi da shi. A 2014 gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS, mai hedikwata a birnin New York, domin ta taimaka wajen tafiyar da sintiri da tsaron dabbobi.

Wannan yawan sauyin hannu yana da darasi. Kowane sabon mai riƙo yakan zo da tsarinsa na ma'aikata da kasafi da abin da ya fi ba wa muhimmanci. Gini da kwaskwarimar masauki abu ne da ake gani a buɗe shi da biki, shi kuwa takalmin mai gadi da man motar sintiri babu mai yi musu biki. Alhali kuwa dabbobin ne jarin, masaukin ya biyo baya. Giwa tana ɗaukar ciki na kusan wata 22, kuma takan yi shekara huɗu ko fiye tsakanin haihuwa da haihuwa. Ɓarnar da sakacin shekara biyu zai jawo a garken giwaye ba ta gyaruwa cikin wa'adin gwamnati ɗaya.

3.0 Abin da Mai Ziyara Ke Tararwa

3.1 Hanya da lokaci

Mai fitowa daga Bauchi zai bi hanyar Gombe, ya ratse a Dindima, ya nufi ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofar gandun take. Daga ƙofar akwai sauran tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai a cikin daji kafin a kai sansanin Wikki, inda masauki da gidan abinci da gidan adana kayan tarihi suke. Wannan tafiya ita kanta kallo ce, domin ana ratsa dajin kawo da maje da ƙirya da marke da taramniya, irin dajin da a da ya rufe yawancin wannan yanki kafin gatari da garma su ci shi.

Lokacin zuwa shi ne rabin nasarar tafiyar. Da damina ciyawar gamba takan fi mutum tsawo, ruwa yana ko'ina, saboda haka dabbobi sukan watsu cikin daji, hanyoyi kuma su yi laka. Wanda ya zo a Agusta zai ga kore shar da tsuntsaye, amma zai iya komawa bai ga babbar dabba ko ɗaya ba. Daga ƙarshen Disamba kuwa ciyawa ta bushe, ganye ya zube, tafkuna sun soma ƙafewa. Zuwa Maris da Afrilu kusan duk abin da ke shan ruwa dole ya gangaro kwarin kogin Gaji, wanda maɓuɓɓugai ke ciyar da shi har ba ya yankewa da rani. Babbar giwa tana iya shan fiye da lita ɗari a yini, don haka ba ta da zaɓi sai ta zauna kusa da ruwa. Zafin bazara da ke wahalar da baƙo shi ne kuma ke tara masa dabbobi wuri ɗaya. Ya kamata a riƙa gaya wa mutane wannan tun kafin su biya kuɗin mota, domin baƙon da ya zo a lokacin da bai dace ba yakan koma gida ya ce babu komai a Yankari, maganarsa kuma ta hana wasu goma zuwa.

3.2 Fita kallo

Ana fita kallo ne da sassafe ko da la'asar sakaliya, a buɗaɗɗiyar mota tare da ɗan rakiya. Dalilin zaɓen waɗannan lokuta shi ne da tsakar rana dabbobi na kwance a inuwa. A bakin Gaji ana iya cin karo da gwambaza da mazo da garken ɓauna, a sarari kuma gwanki da kanki. Akwai dorina da kada a ruwa. Gwaggon biri da mugun dawa kuwa ba sai an fita nemansu ba, suna yawo a tsakar sansanin. An lissafa tsuntsaye fiye da iri 350 a gandun, daga burtu da cilakowa da zabin daji zuwa waɗanda ke zuwa cin rani daga Turai.

A nan ne ingancin ɗan rakiya ke bayyana. Daji ba gidan zu ba ne, babu wanda zai yi wa baƙo alkawarin zaki. Ɗan rakiya nagari yakan tsai da mota ya nuna sawu, ya ce na jiya ne ko na yau da asuba. Yakan nuna reshen da giwa ta karya da ɓawon da ta saɓule, da wurin da dabbobi ke lasar kanwa, ya bayyana abin da kukan birai ke nufi idan suka hango abin tsoro. Da irin wannan bayani, fitar da ba a ga giwa ba ma ta zama karatu. Wannan ilmi kuwa yana nan a ƙauyukan da ke kewaye, a ƙirjin tsofaffin maharba da 'ya'yansu, kuma da Hausa suke da shi, harshen da mafi yawan baƙin gida suka fi ji.

3.3 Ruwan Wikki

Babu shakka Wikki ne ya fi jan jama'a. Ruwa ne garai-garai mai ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, ɗuminsa yana tsaye a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma ana ƙiyasta yana fitar da kimanin lita miliyan 21 a kullum zuwa cikin Gaji. Akwai wasu maɓuɓɓugan masu ɗumi, wato Dimmil da Gwan da Nawulgo, da kuma mai sanyi a Tungan Naliki.

Wikki alheri ne babba, domin shi ke kawo wanda ba shi da sha'awar dabbobi tun farko. Amma akwai abin lura. Baƙi da yawa, musamman a lokacin bukukuwan Sallah da Kirsimeti, sukan iso da hantsi, su yi wanka, su ci abinci, su juya kafin magariba. Sun shiga Yankari amma ba su shiga dajin ba. Mutumin da ya san gandun a matsayin wurin wanka kawai ba zai ji komai ba idan aka ce an kashe giwa ko an sare kawo. Kuma abin da bai sani ba shi ne, ruwan da ya yi wanka a ciki shi ne mafarin ruwan da giwayen ke sha a ƙasa. Aikin masu gudanarwa shi ne su haɗa masa waɗannan biyun.

3.4 Kufai da kayan tarihi

Yankari ba dajin da mutum bai taɓa zama ba ne. Akwai kogunan Marshall, ɗakuna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda aka sa wa sunan mai binciken da ya bayyana su a 1980. Akwai rijiyoyin Dukkey guda 139 masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, da tsofaffin matoyan tama a Shau Shau, inda har yanzu wasu ke tsaye. Waɗannan wurare suna nuna cewa maƙera da manoma da fatake sun rayu a nan. Ga ɗalibin tarihi ko na kimiyyar ƙasa, wannan aji ne a fili. Ga mai tsara manufa kuwa tunatarwa ce cewa jama'ar yankin suna da tsohuwar alaƙa da wannan ƙasa, kuma keɓe ta ya raba su da wani abu.

4.0 Halin da Dabbobin Ke Ciki

Garken giwayen Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya. Ƙirgar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta samu fiye da 300. Shekarun da suka biyo baya sun zo daidai da tashin farashin hauren giwa a kasuwannin Asiya, duk da haramcin cinikinsa tsakanin ƙasashe da yarjejeniyar CITES ta yi tun 1989. Ƙiyasin da masu kula da gandun suka bayar daga baya ya tsaya tsakanin 100 zuwa 150. Bayan an gyara tsarin sintiri daga 2014, aka riƙa biyan masu gadi alawus na kwanan daji, aka kuma sanya wa wasu giwaye abin wuya mai na'urar nuna inda suke, kisan giwa domin haure ya ja baya ƙwarai. Wannan ya nuna cewa abin yana gyaruwa idan an biya kuɗinsa.

Lamarin zaki ya fi tsanani. Binciken da aka wallafa a 2014 ya gano cewa zakunan Afirka ta Yamma gaba ɗaya ba su wuce kimanin 400 ba, manyansu ba su kai 250 ba, kuma a wurare huɗu kaɗai suka rage: Niokolo-Koba a Senigal, da dajin W-Arly-Pendjari da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, da gandun Tafkin Kainji, da Yankari. Wato biyu daga cikin huɗun a Nijeriya suke, kuma 'yan tsiraru ne a kowanne. Zaki yana ƙarewa ta hanyoyi biyu. Idan mafarauta suka cinye gwanki da kanki da ɓauna, sai ya rasa abinci. Idan kuma aka kora shanu cikin gandun ya kama ɗaya, sai a zuba guba a mushen, gubar ta kashe shi ta haɗa da kuraye da ungulaye.

Raƙumin dawa da kyarkeci sun riga sun ɓace daga Yankari. Wanda ke son ganin raƙumin dawa a Jihar Bauchi yau sai ya je dajin Sumu, inda aka ajiye dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006. Wannan ya isa gargaɗi: abin da aka rasa a gida sai an yi jigilarsa daga wata uwa duniya, shi ma ba ainihin irin namu ba.

Ga kuma matsin da ke zuwa daga waje. Gonaki sun matso har bakin iyaka, burtalolin da makiyaya ke bi sun toshe a wurare da yawa, gawayi da katako suna da kasuwa. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙar man fetur a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a yankin da ya shafi Alkaleri. Duk inda irin wannan aiki ya sauka, hanyoyi da jama'a da buƙatar nama da itace sukan biyo shi. Idan gandun bai nuna amfaninsa a fili ba, zai yi wuya a kare shi a gaban masu ganin cewa ƙasar ta fi amfani a wani abu dabam.

5.0 Wane Baƙo Ne Zai Riƙe Gandun?

An daɗe ana auna nasarar wurin yawon buɗe ido da yawan Turawan da suka zo. Gaskiya ne baƙon waje yana kashe kuɗi da yawa, kuma ana maraba da shi. Amma shi ne farkon mai ɗauke ƙafa. Rikicin da ya addabi Arewa maso Gabas tun daga 2009 ya sa ƙasashe da dama suka gargaɗi mutanensu game da zuwa yankin baki ɗaya, har da wuraren da ke nesa da fagen rikicin. A 2020 annobar korona ta rage tafiye-tafiye tsakanin ƙasashe da kusan kashi uku cikin huɗu, gandaye da yawa a Afirka suka wayi gari ba su da abin biyan ma'aikata. A shekarar dai, ranar 9 ga Agusta, 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a yankin raƙuman dawa na Kure a Nijar, shida Faransawa da 'yan Nijar biyu, ziyarar baƙi ta tsaya cik. Gandun da ya jingina da baƙon waje kaɗai yana iya rasa kuɗin shigarsa a rana ɗaya.

Baƙon gida kuwa yana da siffofi uku da suka sa ya fi zama abin dogaro. Na farko, yawa: jihohin da ke iya isa Yankari cikin tafiyar yini ɗaya a mota suna ɗauke da miliyoyin mutane, da jami'o'i da kwalejoji da makarantun sakandare masu ɗimbin yawa. Na biyu, ya san ƙasar, yana iya bambance inda ke da hatsari da inda ke lafiya, ba ya yanke hukunci da taswirar da aka shafa wa jan launi gaba ɗaya. Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne mai zaɓe. Baturen da ya ji daɗin Yankari zai koma ƙasarsu ya ba da labari. Malamin makarantar da ya ji daɗinsa kuwa zai iya tambayar ɗan majalisarsa nawa aka ware wa masu gadin daji a kasafin bana.

Ruwanda ta gwada jawo baƙon gida. Gandun Akagera ya kusa mutuwa bayan yaƙin 1994. A 2010 hukumar ƙasar ta haɗa hannu da ƙungiyar African Parks, aka mayar da zakuna a 2015, karkanda a 2017. Kafin zuwan korona kusan rabin masu ziyarar gandun 'yan ƙasar ne, kuma kuɗin da yake samu yana ɗaukar mafi yawan nauyin tafiyar da shi. A Cadi, giwayen gandun Zakuma sun faɗo daga fiye da 4,000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010, saboda mahara masu zuwa a kan dawakai. Bayan gyaran tsaro garken ya soma haihuwa ya sake haura 500, kuma cikin abin da aka yi har da tanadar sansani na musamman domin 'yan ƙasa da ɗalibai.

Akwai masu ganin irin wannan hutu almubazzaranci ne ko kwaikwayon baƙin al'adu. Amsar tana cikin abin da muka gada. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a yi tunani a kan halitta, kuma aya ta 38 a Suratul An'am ta bayyana dabbobi da tsuntsaye a matsayin al'ummu kamar mu. Keɓe daji domin maslahar jama'a ma yana da asali a tsarin hima, kamar wanda aka yi a Naƙi'u kusa da Madina tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mai gidan da ya kai iyalinsa su ga ikon Allah a cikin giwa bai fita daga tarbiyyarsa ba. Abin da ya rage shi ne wurin ya dace da shi: a ware lokacin wanka ga mata da iyali, a tsaftace masallaci da makewayi, a tanadi abinci mai sauƙin kuɗi da ɗakin da mai matsakaicin albashi zai iya kamawa.

6.0 Maƙwabcin Daji

Giwar da baƙo ya biya kuɗi ya kalla da rana, ita ce ke fita da dare ta shiga gonar wani. A ƙauyukan da ke kewaye da Yankari, lokacin da dawa da masara suka nuna shi ne lokacin rashin barci. Garke ɗaya yana iya share noman shekara kafin asuba. Manomin da wannan ya faɗa wa, idan aka ce masa giwa dukiyar ƙasa ce, yana da haƙƙin ya tambaya: ina rabona a ciki? Muddin amsar ita ce babu, to mafaraucin da ya zo da bindiga zai samu mai nuna masa hanya, ko aƙalla mai kau da kai.

An soma wani abu a kan wannan. Akwai tsarin ɗaukar mutanen ƙauyuka a matsayin masu lura da giwaye, suna sanar da jama'a idan garke ya doso, suna taimakawa wajen kora shi ba tare da an yi kisa ba. A Kenya an gwada shingen amya, domin giwa tana gudun ƙudan zuma, manomi kuma ya samu zumar sayarwa. Kiwon zuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Bauchi, saboda haka dabarar ta cancanci a faɗaɗa gwajinta.

Sai dai kore giwa daga gona rage asara ne kawai. Abin da ke sauya zuciya shi ne riba. Dokar Uganda ta ware kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shiga gandaye ga al'ummomin da ke maƙwabtaka da su. Ruwanda ta fara da kashi 5 a 2005, ta ɗaga zuwa kashi 10 a 2017, ana gina azuzuwa da asibitoci da rijiyoyi da kuɗin. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Raƙuman dawan da ke can ba a cikin shinge suke ba, a tsakiyar gonakin mutane suke kiwo, har suna cin wake. A 1996 saura 49 kacal suka rage a duk Afirka ta Yamma. Da aka haɗa tsaron hukuma da ƙungiyar 'yan rakiya ta mutanen yankin, da rijiyoyi da ƙananan basussuka ga ƙauyuka, adadinsu ya haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji domin kafa sabon garke. Talakawa ne suka yi haƙuri da dabbar da ke taɓa musu amfanin gona, saboda sun ga abin da zamanta ke kawowa.

Haka batun makiyaya yake. Kama shanu da cin tara ba za su wadatar ba idan babu burtali da mashaya a wajen gandun. Dole a zauna da ardo-ardo da hakimai da dagatai a fitar da hanya, domin wanda ya san dajin fiye da kowa zai iya zama idon hukuma ko kuma ya zama ƙofar ɓarna.

7.0 Shawarwari

Ga hukuma: a kafa doka da za ta bar wani kaso sananne na kuɗin shiga da na masauki a asusun gandun domin sintiri, da wani kaso domin ƙauyukan da ke kewaye, a kuma riƙa bayyana lissafin a fili duk shekara. A kula da albashi da kayan aiki da inshorar masu gadi, domin aikinsu na sai da rai ne, kuma akwai waɗanda suka rasu a bakinsa. A bambanta farashi tsakanin ɗan ƙasa da baƙon waje da ɗalibi, kamar yadda ake yi a Kenya. A haɗa kuɗin wanka a Wikki da na fita kallo a tikiti ɗaya mai rangwame, domin mai zuwa wanka ya leƙa daji. A horar da 'yan rakiya daga ƙauyukan yankin, a kuma rubuta allunan bayani da ƙananan littattafai da Hausa, da sunayen dabbobi da itatuwa kamar yadda mutanen wurin ke kiran su. A ba masu kaji da kayan lambu da zuma da tabarmi na yankin fifiko wajen sayen kayan masauki.

Ga makarantu: ziyarar yini ɗaya ba ta isa. A tsara ta kwana biyu tsakanin Janairu da Afrilu, a shirya ɗalibai tun a aji, a ba kowa aikin da zai rubuto. Sassan nazarin Hausa suna da aiki na musamman a nan, wato tattara ilmin maharba game da sawu da ɗabi'un dabbobi da sunayensu kafin masu shi su ƙare.

Ga mai ziyara: ya kwana aƙalla biyu, ya fita kallo safe da yamma. Kada ya sauka daga mota sai da izinin ɗan rakiya, kada ya matsa wa direba ya kusanci giwa mai ɗa. Kada ya ba birai abinci, domin birin da ya saba da hannun mutum yakan koma ƙwace da cizo. Ya rage hayaniya da kiɗa, ya kwashe ledarsa da robarsa. Kada ya sayi naman daji ko fata ko haure a hanya, domin wanda ya biya kuɗin kallon dabba da safe ya kuma sayi namanta da yamma ya rushe abin da ya gina. Ya nemi labarin halin hanya daga hukumar gandun kafin ya taso, ya kuma yi tafiyarsa da rana.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa Yankari yana da abin da zai riƙe mai hutu: ruwan Wikki, kwarin Gaji da dabbobinsa, da kufan mutanen da. Ta nuna kuma cewa giwaye da zakunan da suka rage 'yan kaɗan ne, kuma abin da ya faru da raƙumin dawa zai iya faruwa da su. Misalan Akagera da Zakuma da Kure sun tabbatar da cewa ana iya juya lamarin cikin shekara goma zuwa ashirin da 'yan kai, idan tsaro ya samu kuɗi mai ɗorewa, ɗan ƙasa ya zama baƙo na farko, maƙwabci kuma ya samu rabonsa. Biyu daga cikin waɗannan sharuɗɗa suna hannun hukuma. Ɗayan kuwa, wato zuwan ɗan ƙasa, yana hannunmu, mu malamai da iyaye, domin mu ne za mu sa Yankari a jadawalin makarantunmu da na hutun gidajenmu, mu kuma tambayi inda kuɗin da muka biya ya tafi.